Wasiyya na nan, wasiyyi ba ya nan: wa zai raba gadon a Zangon Kumasi?

Dattijon Zango idan ya zauna rubuta wasiyya, ba ya duban yara. Abokinsa na sahun gaba a masallaci yake ɗora wa amanar, ko ƙaninsa da suka yi fataucin goro tare, ko limamin unguwa. Dalilinsa a fili yake: su ya sani, su ya gwada. Sai dai tsararka tare kuke tsufa. Wasiyyar da aka rubuta mutum yana da shekara 55 takan kwanta a akwati har ya kai 80, kuma ranar da aka buɗe ta bayan addu'ar arba'in, sai a tarar wasiyyi na farko ya daɗe a maƙabartar Tafo, na biyu kuma yana kwance da shanyewar ɓarin jiki, ko yana Jamus shekara goma bai leƙo gida ba.

A nan ne iyalai da yawa a Aboabo, Asawase da Sawaba suke yanke hukuncin da yake jawo musu wahala daga baya. Sai ka ji ana cewa, "To ai wanda aka ba amanar ya rasu, takardar ta mutu ke nan. A kira malam ya raba." Takardar ba ta mutu ba. A dokar Gana, mutuwar wasiyyi ko gazawarsa ba ta taɓa ingancin wasiyya ko kaɗan. Abin da ya ɓace shi ne hannun da zai aiwatar da ita, kuma kotu ce kaɗai take iya naɗa wani hannun.

Dokoki uku ne suke tafiyar da wannan sha'ani: Dokar Kula da Gado ta 1961, wato doka mai lamba 63; Dokar Wasiyya ta 1971, mai lamba 360; da ƙa'idojin shari'ar Babbar Kotu na 2004, waɗanda babi na 66 a cikinsu ya tsara yadda ake neman izini. Idan wasiyyi na raye kuma ya yarda, takardar da yake karɓa ita ce furobet, wadda take tabbatar da wasiyyar da kuma matsayinsa. Idan mutum ya rasu bai bar wasiyya ba, iyali suna neman takardar kula da gado, wadda kowa a harabar kotu yake kira L.A. Matsalarmu tana tsakanin biyun: akwai wasiyya, babu mai aiwatarwa. Maganinta L.A. ce da ake manna wa kwafin wasiyyar a jiki. Wanda ya karɓe ta ba shi da ra'ayin kansa a rabon. Abin da mamaci ya rubuta shi zai bi, layi bayan layi, kamar yadda wasiyyin asali zai yi da yana nan.

Kafin a je ga haka, sai an tabbatar cewa da gaske babu wasiyyin da zai iya, domin ba kowace "ba zai iya ba" ce kotu take karɓa ba. Idan mutum biyu aka sa, ɗaya ya rasu, wanda ya rage ya isa, shi zai nemi furobet shi kaɗai. Idan wasiyyi yana ƙasar waje, nisa bai tsige shi ba. Borga, wato ɗan gida mazaunin ƙasar waje, da ke Niyok ko Hambog zai iya wakilta wani a Kumasi da takardar wakilci wadda aka yi bisa ƙa'ida a can inda yake, kotu ta ba wakilin izini a madadinsa. Idan kuma ba ya so sam, sai ya sa hannu a takardar janyewa a kai wa magatakardan kotu. Faɗa da baki a wayar WhatsApp cewa "ni dai ku cire ni" ba ta wadatar ba. Wanda hankalinsa ya gushe ko ciwo ya kayar, ana kai shaidar likita, kotu ta naɗa wani ya riƙe.

Mai wuyar sha'ani shi ne wasiyyin da bai karɓa ba, bai kuma janye ba. Yana nan a unguwa, ana gaisawa, kullum "insha Allahu bayan salla". Wani kunya ce take hana shi cewa a'a. Wani tsoron rigimar 'yan uba yake yi. Wani kuma, a faɗi gaskiya, kuɗin hayar shagunan mamaci yana shiga aljihunsa duk wata, jinkirin ya yi masa daɗi. Doka ta san da irinsa. Duk mai haƙƙi a cikin wasiyyar zai iya sa kotu ta aika masa sanarwa: ko ya zo ya tabbatar da wasiyyar, ko ya janye. Idan ya yi biris, haƙƙinsa na wasiyyi ya faɗi gaba ɗaya, a ci gaba kamar ba a taɓa ambatonsa ba. Wanda kuwa ya riga ya sa hannu cikin dukiyar, yana karɓa yana kashewa, amma ya wuce wata 3 da rasuwar bai nemi furobet ba, ya shiga laifi a gaban kotu. Na san kai dattijon unguwa kotu abu ne mai nauyi a wurinmu. Amma sanarwar nan ba ƙarar sata ba ce, tambaya ce kawai mai wa'adi, kuma sau da yawa dattijon da kansa yana neman hanyar sauke kayan ne ba tare da an ce ya ci amanar abokinsa ba.

Akwai wani yanayi na dabam da ake yawan rikitawa da wannan. Wasiyyi ya karɓi furobet, ya fara aiki, ya biya bashi, ya raba wani abu, sai ya rasu kafin ya gama. Idan shi ne na ƙarshe da ya rage, kuma shi ma ya bar wasiyya, wasiyyinsa ya karɓi furobet, to wannan na biyun ya gaji aikin na farkon kai tsaye. Idan kuwa ya rasu ba wasiyya, igiyar ta tsinke, sai a koma kotu a nemi izini na musamman kan abin da ya rage ba a raba ba.

To wa yake da ikon nema? A nan al'adarmu da doka suke raba hanya. A Zango, idan babba ya faɗi, ido kan koma kan baffa ko babban wa, shi ne mai magana. Kotu ba ta fara da shekaru ko girman gida ba, tana farawa da takardar. Waɗanda mamaci ya ambata ya bar musu wani abu su ne a gaba, kuma ko wanda yake bin mamaci bashi yana da hurumin nema. Dangin da ba a ambace su ba, waɗanda da za su nema in da babu wasiyya, su ne a ƙarshen layi. Ke nan ƙaramar 'yar mamaci da aka rubuta mata ɗaki biyu a gidan Aboabo ta fi baffanta da ba a rubuta masa komai ba ƙarfi a gaban alƙali. Wannan yana ɓata wa manya rai, amma hikimarsa ba ta ɓuya: wanda yake da rabo a cikin abu shi ya fi damuwa a gama shi.

Ba a ba fiye da mutum 4 izini kan dukiya ɗaya. Idan kuma akwai ƙaramin yaro cikin masu cin gadon, ba a ba mutum ɗaya shi kaɗai, sai aƙalla biyu. Gidan da yake da mata biyu ko uku, abin da ya fi kawo zaman lafiya shi ne kowane ɗaki ya fitar da mutum ɗaya. Doka ba ta tilasta hakan ba, amma ɗakin da aka bari a waje shi ne yake zuwa ya shigar da takardar tsayarwa, wadda take hana a ba kowa izini har sai an saurari mai ƙorafi. Irin wannan takarda wata 3 take yi tana aiki, ana kuma iya sabunta ta. Gara a zauna a tsakar gida a daidaita tun kafin a hau motar Adum, unguwar da kotu take.

Yanzu ga abin da ya sa batun ya fi shafar Musulmi fiye da maƙwabtanmu. Kafin 1985, dokar auren Musulmi ta 1907 ta tanadi cewa wanda aka yi wa rajistar aurensa a ƙarƙashinta, gadonsa zai bi shari'ar Musulunci. Kaɗan ne ma suka yi rajistar, domin mako ɗaya tak aka bayar bayan ɗaurin aure. Dokar gado ta 1985, wadda aka fi sani da Doka 111, ta soke wannan tanadi, ta shimfiɗa tsari ɗaya ga duk wanda ya rasu ba wasiyya, Musulmi ne ko Kirista ko mai bin gargajiya. A tsarinta, gida ɗaya da kayan cikin gida na mata ne da 'ya'ya tare. Abin da ya rage a kasa shi 16: mata su ɗauki 3, 'ya'ya 9, iyaye 2, sauran 2 su bi al'ada. Babu bambanci tsakanin ɗa namiji da 'ya mace. Duk wanda ya zauna gaban malami ya san ba haka fara'ili yake ba, inda matar da mijinta ya bar 'ya'ya take da tumuni, namiji kuma yake da rabon mata biyu.

Saboda haka wasiyya ce ƙofar da Musulmin Gana yake bi ya ce a raba dukiyarsa bisa addininsa, kotu kuma ta tsaya a bayan maganarsa. Iyalin da suka jefar da wasiyya don wasiyyi ya rasu, suka je suka nemi L.A. ta wanda bai bar wasiyya ba saboda wani ya ce musu ta fi sauri, sun rufe wannan ƙofa da hannunsu. Sun kuma yi rantsuwar ƙarya, tunda sai sun rantse cewa mamaci bai bar wasiyya ba. Ɓoye wasiyya kansa laifi ne: wanda take hannunsa wajibi ne ya kai ta Babbar Kotu cikin kwana 14 da samun labarin rasuwar. Ranar da takardar ta ɓullo, ana iya soke izinin da aka ba su, duk abin da suka raba ya koma abin tuhuma.

Akwai tarko na biyu, wanda ya fi kama masu ilimin addini. A ce wani Alhaji ya san hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, ya san wasiyya ba ta wuce sulusi, ya san ba a yi wa magaji wasiyya. Sai ya rubuta takarda kan sulusin kaɗai: kaza ga makarantar Islamiyya, kaza ga yaron da ya riƙa, kaza a haƙa rijiya. Sauran kashi biyu cikin uku bai ce komai a kansu ba, domin a ransa Allah ya riga ya raba su. A idon dokar Gana, abin da wasiyya ba ta ambata ba ya faɗa ƙarƙashin Doka 111. Wanda kotu ta naɗa zai tarar da tsari biyu a hannunsa: sulusi ya bi takarda, saura ya bi dokar 1985. Idan magada duka manya ne kuma sun yarda a bi fara'ili, za su iya daidaitawa a tsakaninsu, kuma ya kamata a rubuta yardar kowa ya sa hannu. Amma mutum ɗaya ya ƙi, ko akwai ƙaramin yaro da ba zai iya yafe haƙƙinsa ba, magana ta canza. Jimla ɗaya a ƙarshen wasiyyar, cewa duk abin da ya rage a raba shi bisa shari'ar Musulunci, da ta toshe wannan rami.

Ko da wasiyya ta cika, ba ta fi ƙarfin komai ba. Uba, uwa, mata ko miji, da yaron da bai kai 18 ba, idan mamaci bai yi musu tanadin da ya dace ba har za su shiga ƙunci, suna iya zuwa Babbar Kotu cikin shekara 3 da bayar da furobet su nemi a ware musu wani abu. Tsarin mulkin 1992 ma, a sashe na 22, ya hana a bar mata ko miji hannu rabbana. Kuma mutum ba ya wasiyya da abin da ba nasa ba: gidan gado na kakanni da ake zaune a ciki gaba ɗaya ba ya shiga.

Aikin kotun kansa ba shi da sarƙaƙiya kamar yadda ake tsoro. Ƙimar dukiyar ce take nuna kotun da za a je, ƙarama ko babba. Ana kai wasiyyar ta asali, da takardar shaidar mutuwa, da takardar rantsuwa mai bayanin wane ne mai nema da dalilin da ya sa wasiyyan ba za su iya ba, haɗe da hujja: takardar mutuwar wasiyyi, ko ta janyewarsa, ko rahoton likita. Sai jerin dukiyar mamaci, mai motsi da marar motsi, da ƙimar kowanne. A nan takardar mutuwar wasiyyin da ya rasu shekara goma da suka wuce takan tsayar da mutane, domin mukan binne mamaci a ranar, rajistar mutuwa kuma sai an buƙace ta ake tunawa. A fara nemanta da wuri.

Kotu za ta duba wasiyyar da kanta. Dole ta kasance a rubuce, mamaci ya sa hannu ko ya dangwala a gaban shaidu biyu da suke wurin lokaci ɗaya, su ma su sa hannu. Ga wani abu da ya shafe mu sosai: dattijon da yake karanta Larabci da ajami kamar ruwa amma ba ya karanta Turanci, idan da Turanci aka rubuta masa wasiyyar, ana so a ga bayani a jikinta cewa wani ya karanta masa, ya fassara masa, ya kuma gane kafin ya sa hannu. Rashin wannan bayani shi ne sandar farko da mai son rushe wasiyya yake ɗauka. Wasiyyin asali, da yana raye, wataƙila yana wurin ranar da aka rubuta. Tunda ba ya nan, shaidun biyu sun zama zinariya, a nemo su tun suna da rai. Idan kuma aka rubuta wa ɗaya daga cikin shaidun kyauta a cikin wasiyyar, kyautarsa tana faɗuwa, sai fa in akwai wasu shaidu biyu ban da shi.

Bayan alƙali ya saurari buƙatar, ba a miƙa takardar nan take. Ana manna sanarwa na kwana 21, ko wa'adin da alƙali ya yanke, a allon kotu, da wani wurin taruwar jama'a, da gidan da mamaci ya zauna na ƙarshe. Farar takarda ce mai hatimi, a jikin bangon zaure kusa da mitar wuta, yara suna wucewa suna leƙawa, maƙwabta suna tambayar ko an sa gidan a kasuwa ne. Kada a cire ta don kunya. Ita ce hujjar cewa ba a yi abin a ɓoye ba, kuma duk wanda bai yi magana a lokacin ba, bakinsa ya yi rauni daga baya.

Sai kuɗi. Kotu tana karɓar kashi 3 cikin 100 na ƙimar dukiyar, kuma wanda aka naɗa sai ya sa hannu a takardar lamuni ta ninkin ƙimar, tare da masu tsaya masa. Wannan lamuni shi ne babban bambancinsa da wasiyyi: shi wasiyyi mamaci ne ya amince da shi, wannan kuwa kotu ce ta ɗora shi, don haka take neman jingina. Kashi ukun nan ne yake sa mutane su rage ƙima ko su ɓoye wani asusu. Dabara ce mai cin mai ita. Banki ba ya sakin kuɗin asusun da ba ya cikin jerin da aka kai kotu, sai an koma an gyara, an sake biyan lauya. Kuɗin da ke cikin MoMo, wato asusun waya, na mamaci ma a sa shi a jerin. Kuɗin SSNIT, hukumar fansho ta ma'aikata, hanyarsa dabam ce, yana bin sunayen da mamaci ya rubuta a can. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya gwada ofishin Hukumar Taimakon Shari'a, akwai shi a Kumasi.

Tsakanin rasuwa da fitowar takarda, babu wanda yake da ikon sayarwa ko rabawa. Wasiyyi ikonsa daga wasiyya yake, shi ya sa doka ta bar shi ya tsare dukiya tun kafin furobet, ko da yake ba zai sayar ba. Wanda kotu za ta naɗa kuwa ikonsa yana farawa ne ranar da aka ba shi takarda. Baffan da ya sayar da motar haya "don a yi hidimar arba'in", ko wan da ya canza makullin shago a kasuwar Kejetiya, ya yi katsalandan a dukiyar mamaci, laifin da ake cin tara ko ɗauri a kansa, kuma zai biya abin da ya salwanta daga aljihunsa. Korar matar mamaci ko 'ya'yansa daga gidan aure kafin rabo, ko da ta gama takaba, shi ma laifi ne tun gyaran da aka yi wa Doka 111 a 1991.

Ba ina cewa a ture malamai gefe ba ne. Wanda kotu ta naɗa, idan wasiyya ta ce a bi shari'ar Musulunci, ba shi da makawa sai ya zauna gaban masanin fara'ili ya fitar masa da rabon kowa, kuma zaman da ake yi a gaban liman ko a fadar Sarkin Zango yana kashe wutar da alƙali ba zai iya kashewa ba. Jerin ma ɗaya ne a ɓangarorin biyu: hidimar jana'iza, sai bashi, sannan wasiyya da gado. Abin da malam ba zai iya ba shi ne sauya suna a takardar gida. Doka ta ba mai kula da gado shekara ɗaya daga ranar izini ya raba, kuma gida ko fili ba ya zama na magaji sai ya rubuta masa takardar miƙa mallaka, wadda da ita ake zuwa Hukumar Filaye a yi rajista. Akwai gidaje a Zango da aka raba da baki tun zamanin kakanni, kowa ya san ɗakinsa, amma takarda har yau tana ɗauke da sunan mutumin da ya rasu kafin a haifi masu zama a ciki. Ranar da suka tashi sayarwa ko neman bashin banki, sai a ce su kawo izinin gadon kaka, da na uba, da na duk wani magaji da ya rasu a tsakani, kowanne da nasa jerin dukiya da nasa kashi 3.